Dauɗar da Ba Ta Jin Kurkura: Tarihin Warin Baki da Ciwon Dasashi

A watan Satumba na 1683, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya aika wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan wasiƙa a kan abin da ya sakato daga tsakanin haƙoransa. Mutum ne mai alfahari da tsaftar baki. Kowace safiya yakan dirje haƙoransa da gishiri, ya sakace su, sannan ya bi su da ƙyalle. Duk da haka akwai wani farin abu mai kama da kwaɓin gari da ba ya rabuwa da lungunan haƙoran. Da ya laƙato kaɗan ya dama da ruwa, ya duba ta madubin ƙara girma da ya wasa da hannunsa, sai ya ga ƙananan halittu masu rai suna ta kai-komo, wasu na ninƙaya kamar kifi, wasu na juyi kamar katantanwa. Bai tsaya a kan bakinsa ba. Ya nemi wani tsoho da bai taɓa wanke baki ba tun da aka haife shi, ya ɗebo nasa, ya tarar da halittun sun ninka. Zanen da ya haɗa da wasiƙar yana cikin zanen farko na bakteriya da duniya ta gani.

Akwai wani ɗan gwaji da ya yi wanda bai ja hankalin mutanen zamaninsa ba. Ya kurkure bakinsa da ruwan khal mai ƙarfi, ya sake sakato dauɗar, sai ya ga halittun suna nan da ransu. Amma da ya dama dauɗar da khal ɗin a waje, nan take suka mutu. Abin da ya fahimta shi ne, ruwan da aka kurkura yana kashe na saman dauɗar kaɗai, ba ya ratsa ta. Sai da aka yi kusan shekara 280 kafin likitocin haƙori su tabbatar da nauyin wannan magana, kuma a tsakanin an cire miliyoyin haƙora, an sayar da miliyoyin kwalabe.

Dauɗar da Leeuwenhoek ya gani ita ce tushen mafi yawan ciwon dasashi. Tarin ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa haƙori a daidai inda ya haɗu da nama, suna lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa. In an bar su, jiki yakan mayar da martani: dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa shi. A wannan mataki komai na iya komawa daidai. A bakin wasu mutane kuwa kumburin yakan nutsa ƙasa, naman ya saki haƙori, rami ya buɗe tsakaninsu, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ya riƙa zaizayewa shekara da shekaru. Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya zafi. Sau da yawa mai shi ba ya farga sai haƙori lafiyayye, wanda ko ɗigon ruɓa babu a jikinsa, ya fara girgiɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya, suna fama da mai tsananin.

Tun kafin a san da wata ƙwayar cuta, mutane sun san bakin da ba a goge shi ba yakan lalace. Kundin magani na tsohuwar Masar da ake kira Ebers, wanda aka rubuta wajajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗauke da haɗe-haɗen magani na dasashi da na gyara numfashi. A Indiya, da Larabawa, da yawancin Afirka, abin da aka dogara da shi itace ne da ake tauna kansa har ya yi laushi, a goga. Musulunci ya ɗaga darajar wannan ɗabi'a ya haɗa ta da ibada, domin hadisai a Buhari da Muslim sun nuna yadda Manzon Allah (SAW) ya lazimci asuwaki ya kuma kwaɗaitar da yin sa a lokutan salla. Ma'anar haka a aikace ita ce, an sami al'ummomi masu goge baki sau da yawa a rana ƙarnoni kafin ɗabi'ar ta zama ruwan dare a Turai. A ƙasar Hausa an yi asuwaki da itatuwa irin su marke, daga baya kuma darbejiya ta shigo daga Indiya a zamanin mulkin mallaka, aka kama yin asuwaki da ita kamar yadda ake yi a mahaifarta. Kanumfari da goro sun yi aikin danne wari, fure kuma ya yi wa mata aikin ado.

Sai dai akwai inda itace ba ya kaiwa. Dauɗar da ta kwana biyu a wuri ɗaya takan sha ma'adinan da ke cikin yawu ta sandare, ta zama ɓawo mai tauri kamar dutse. Wanda ya fara bayanin wannan filla-filla a matsayin aikin likita shi ne Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajajen 1013. A juzu'i na talatin na littafinsa Attasrif, ya danganta lalacewar dasashi da wannan ɓawo, ya zana jerin ƙarafan kankara masu kai iri-iri, kowanne da lungun da yake shiga, ya kuma ce in ba a gama a zama ɗaya ba a sake komawa washegari. An juya littafin zuwa Latin a ƙarni na goma sha biyu, ya daɗe ana karantar da shi a makarantun likitanci na Turai. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar likitan haƙori aka kankare masa baki, aikin Azzahrawi aka yi masa, ko da kuwa da na'ura mai jijjiga aka yi.

Ƙarnonin da suka biyo baya sun zo da gyara da shirme a haɗe. Pierre Fauchard na Faransa, wanda littafinsa na 1728 ya sa ake kiransa uban likitancin haƙori na zamani, ya bayyana ciwon dasashi da kyau, ya yi umarni da kankara, sannan kuma ya shawarci mutane su riƙa kurkure baki da fitsarinsu. Buroshi mai gashin dabba ya samo asali daga Sin, William Addis ya fara ƙera shi da yawa a Ingila wajajen 1780, na roba kuwa bai fito ba sai 1938. Levi Spear Parmly na New Orleans ya kawo shawarar bin tsakanin haƙora da zaren siliki a littafinsa na 1819. John Riggs na garin Hartford a Amurka ya sadaukar da aikinsa ga kankare saiwar haƙori a ƙarƙashin nama, har aka daɗe ana kiran ciwon da sunansa. Marubuci Mark Twain na cikin waɗanda suka ɗanɗani ƙarfensa. A 1890 Willoughby Miller, Ba'amurken da ya yi aiki a ɗakin binciken Robert Koch a Balin, ya fitar da littafinsa a kan ƙwayoyin cutar bakin mutum.

Da aka tabbatar baki matattarar ƙwayoyin cuta ne, sai aka zarce. Daga 1900 wani likitan Ingila, William Hunter, ya fara koyar da cewa ruɓar baki ce ke watsa guba a jiki ta haifar da cututtuka barkatai, daga ƙarancin jini zuwa ciwon gaɓoɓi. Jawabin da ya yi a Jami'ar McGill ta Kanada a 1910 ya bazu kamar wutar daji. Likitoci suka kama tura marasa lafiya a cire musu haƙora, sau da yawa baki ɗaya, lafiyayyu da ruɓaɓɓu. A asibitin masu taɓin hankali na Trenton a jihar New Jersey, Henry Cotton ya sa an cire dubban haƙora da sunan maganin hauka. Sai a ƙarshen shekarun 1930 bincike ya nuna masu ciwon gaɓoɓin da aka yi wa wannan aiki ba su fi waɗanda aka ƙyale samun sauƙi ba. Hunter bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin a yau an san akwai alaƙa tsakanin ciwon dasashi da wasu cututtukan jiki, musamman ciwon suga. Amma daga hasashe zuwa filaya aka yi tsalle, ba a tsaya gwaji ba.

A daidai wannan zamani ne 'yan kasuwa suka gano cewa warin baki ya fi ciwon dasashi kawo kuɗi. A 1879 wani likita a garin St. Louis, Joseph Lawrence, ya haɗa wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta domin aikin tiyata, ya sa masa suna Listerine don girmama Joseph Lister, wanda ya kawo tsaftar tiyata a Birtaniya. Kamfanin Lambert ya karɓi haɗin, ya tallata shi ga likitocin haƙori daga 1895, ya fara sayar da shi ga kowa a 1914. Ciniki na tafiya, amma ba wani abin a zo a gani ba. A farkon shekarun 1920, ɗan mai kamfanin, Gerard Lambert, ya ci karo da wata kalma da wani likita, Joseph Howe, ya yi amfani da ita a littafinsa na 1874: halitosis, haɗin kalmar Latin mai nufin numfashi da ɗafin Girkanci mai nuna ciwo. Ma'anarta warin baki ne kawai. Amma warin baki magana ce ta ƙazanta da ba a furta ta a jarida, halitosis kuwa suna ne na asibiti, wanda mai mutunci zai iya karantawa, ya tsorata, ya je kanti.

Tallan da suka biyo baya sun zama darasi a makarantun koyon aikin talla har yau. An zana wata budurwa mai suna Edna, kyakkyawa, shekaru na tafiya, kullum ita ce ƙawar amarya a bikin wasu, nata bikin bai zo ba, kuma ba ta san dalili ba. An zana ɗan kasuwa da abokan hulɗa ke gudu, da uwar da 'yarta ke kau da kai in ta zo rungumarta. Ƙashin bayan tallan gaskiya biyu ne da kowa ya sani: mutum ba ya jin warin bakinsa, domin hanci yakan saba da abin da yake shaƙa kullum, kuma ko aminin ƙut da ƙut yana jin nauyin faɗa masa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa na taka nasa ya hango na wani. Tunda babu mai tabbacin kansa, kowa ya zama mai saye. Cikin shekara bakwai kuɗin da kamfanin ke samu ya tashi daga dala dubu ɗari da 'yan kai a shekara zuwa miliyoyi. Adalci ya sa a faɗi cewa ruwan ba na banza ba ne: gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna yana rage dauɗa da kumburin dasashi in an haɗa shi da goge baki, har ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta amince da shi a shekarun 1980. Amma kamfanin ya kuma yi shekaru yana iƙirarin maganin mura da ciwon maƙogwaro, sai da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta masa janye maganar a bainar jama'a a shekarun 1970. Gadon da tallan ya bari shi ne tunanin cewa matsalar baki a cikin kwalba ake warware ta.

Amsar da ta raba gardama ta fito daga garin Aarhus na ƙasar Denmak a 1965, ta hanyar gwajin da sauƙinsa ya isa ya ba magabata kunya. Harald Löe da abokan aikinsa, Else Theilade da Börglum Jensen, sun ɗauki mutum 12 masu lafiyayyen dasashi, yawancinsu ɗaliban likitancin haƙori, suka ce su daina goge baki ɗungurungum. Aka riƙa duba bakinsu, ana auna dauɗa, ana kallon irin ƙwayoyin da ke cikinta. Dauɗa ta taru, nau'in ƙwayoyin ya riƙa sauyawa da kwanaki, kuma tsakanin kwana 10 zuwa 21 kowannensu ya kamu da kumburin dasashi. Sai aka mayar musu da buroshi. Cikin mako guda ko makamancinsa dasashin ya warke, ba a ba kowa ƙwaya ba, ba a cire wa kowa haƙori ba. Daga nan ne shawarar da ake ji a yau ta sami tushe na gwaji: a tarwatsa dauɗa da hannu kowace rana, a bakin nama da tsakanin haƙora, kafin ta balaga. Darasin da ke biye ya saɓa wa abin da yawancin mutane ke yi. In dasashi na jini wajen goge baki, akan ɗauka buroshi ne ya ji masa rauni, sai a riƙa kauce wa wurin, alhali jinin alama ce ta cewa nan ne aka fi bukatar gogewa, a hankali da buroshi mai laushi. Löe bai raina kurkura ba. A 1970 shi da Rindom Schiött suka nuna cewa ruwan kulohekzidin yana hana sabuwar dauɗa taruwa, amma yana rina haƙora, shi ya sa ake ba da shi na ɗan lokaci.

Gwajin Aarhus ya bar tambaya guda: me ya sa wani ke shekara saba'in da dauɗa a baki haƙoransa na nan, wani kuma ya zube kafin arba'in? Löe ya bi wannan a gonakin shayi na Siri Lanka, inda daga 1970 ya shafe shekara 15 yana duba leburori 480 da ba su goge baki ba kuma ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. Kusan dukkansu suna da dauɗa da kumburi. Amma kashi 8 cikin ɗari ne ciwon ya cinye wa ƙashi da sauri, kashi 81 ya tafi da su a hankali, kashi 11 kuwa bai wuce kumburin sama ba. Dauɗa ce ke kunna wuta, yanayin jiki ke hukunta yadda za ta ci. Gado na da hannu, taba sigari na da hannu babba, kuma tana ɓoye ciwon domin tana tsuke jijiyoyin jini har dasashi ya daina zubar da jinin da zai yi gargaɗi. A 1993 Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida cikin matsalolin da ciwon suga ke haifarwa.

Shi kuwa wari, wanda ya warware sirrinsa shi ne Joseph Tonzetich na Jami'ar British Columbia a Kanada. Daga shekarun 1960, kuma musamman a 1971 da ya auna iskar baki kai tsaye da na'urar rarrabe iska, ya nuna cewa yawancin warin daga wasu iskoki ne masu ɗauke da farar wuta, ɗaya mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗaya mai warin ruɓaɓɓen kabeji. Ƙwayoyin da ba sa son iska ne ke fitar da su yayin da suke narka ragowar abinci, matattun ƙwayoyin fata da jini. Mazauninsu biyu ne: ramukan da ciwon dasashi ya haƙa, da can ƙuryar bayan harshe, inda yake da kaushi kuma buroshi bai cika zuwa ba. Yawu ne ke wanke su, shi ya sa wari ke ƙaruwa bayan barci, da lokacin azumi, da duk sa'ar da baki ya bushe. Binciken da ya biyo baya ya daidaita a kan cewa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na warin baki daga bakin ne kansa. Wannan ya ci karo da abin da aka yi imani da shi a wurare da yawa, har da ƙasar Hausa, cewa daga ciki warin ke tasowa, a yi ta shan maganin gyambon ciki da na wankin ciki. Hanyar abinci a rufe take in ba haɗiya ko gyatsa ake yi ba. Ragowar kason yakan fito daga hanci da maƙogwaro, ko daga ciwon suga, ƙoda ko hanta da ya yi nisa. Kankare harshe, wanda likitancin gargajiya na Indiya ya daɗe yana umarni da shi, ya sami hujjarsa a nan. Akwai kuma waɗanda tsoron ya zame musu ciwo: a 1990 wasu likitoci biyu a Benin ta Nijeriya sun wallafa bayanin mutum 32 da suka haƙiƙance bakinsu na wari, alhali duk binciken da aka yi bai gano komai ba.

Da aka auna asuwaki da wannan ma'auni, bai ji kunya ba. Gwaje-gwajen da aka yi, musamman a Saudiyya, sun nuna cewa wanda aka koya wa amfani da shi yadda ya kamata yana cire dauɗa kamar mai buroshi, itacen arak kuma na ɗauke da sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da shi inda aka saba. Rauninsa a siffarsa yake. Gashinsa a tsaye yake a kan sandar, don haka yana wahalar kaiwa ga cikin haƙora ta wajen harshe da turamen ƙurya. Mai dirza da ƙarfi yakan janye dasashin gaba. Wanda kuma ya maƙala shi a gefen baki yana taunawa daga hantsi zuwa azahar bai yi asuwaki ba, ya yi tauna ne. Makilin mai sinadarin fuloraid yana ƙara kariya daga ruɓar haƙori, wanda ciwo ne daban.

Akwai fuskar ciwon dasashi da buroshi kaɗai ba ya isar mata. A ramukan yaƙin duniya na farko, sojoji masu gajiya da rashin abinci mai kyau sun riƙa kamuwa da wani nau'i mai zafi, inda naman tsakanin haƙora ke mutuwa yana fitar da ɗoyi. A jikin ƙaramin yaro mai tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, irin wannan na iya zarcewa ya zama noma. Sunan daga Girkanci yake, mai nufin cinyewa, ba shi da alaƙa da aikin gona. A karkarar arewa wasu na kiransa ciwon iska. Cikin kwanaki yakan huda kunci, ya ci leɓe, hanci da ƙashi. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma in ba a yi magani ba kusan tara cikin goma na mutuwa. Turai ta san shi sosai har ƙarni na goma sha tara, ya ɓace da ingantuwar abinci da tsafta, sannan ya sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi na Auschwitz da Bergen-Belsen. Masanin Nijeriya Cyril Enwonwu ya shafe shekaru tun farkon 1970 yana nuna alaƙarsa da yunwa. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato, inda ake yi wa waɗanda suka tsira tiyatar gyaran fuska. Nijeriya ce ta gabatar da bukata a madadin ƙasashe 32, kuma a ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Abin da ake koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye a yanzu shi ne su buɗe bakin duk yaro mai tamowa su duba. In dasashi na jini, numfashi na ɗoyi, a fara wanke bakin da ruwan gishiri ko kulohekzidin, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki tun kunci bai kumbura ba.